Tiriliyoyin Ranar Gobara: Daga Ina Suke Fitowa, Wa Ke Biya?

Duk wanda yake Jos ranar Asabar 24 ga Oktoban 2020 ba zai manta da hanyar Bukuru ba. Tun da hantsi labari ya bazu cewa an fasa rumbun da aka ajiye kayan tallafin korona. Kafin azahar titi ya ɗinke da mutane, wani da buhu a ka, wani ya ɗaure biyu a bayan babur, masu Keke kuwa ranar sun ga ciniki. Samari har rufin suka hau suna ɓamɓare kwano, don ƙofa ta yi musu kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai wata dattijuwa ce da na gani a bakin titi, ta zauna a kan rabin buhun masara tana haki. Ta kasa ɗauka, ta kuma ƙi tashi daga kansa. A daidai wannan lokaci gwamnatocin duniya suna ta zuba kuɗin yaƙi da annobar, waɗanda Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ƙiyasta cewa sun kai dala tiriliyan 16 zuwa farkon 2021. Rabon wannan baiwar Allah a ciki shi ne abin da take zaune a kai.

Bayan 'yan kwanaki na shiga kasuwar Katako awon hatsi. Wani dattijo da na saba saye a wurinsa, mutumin da rediyo ba ta barin kunnensa, ya tare ni da tambaya tun kafin mu gama gaisawa. "Malam, kai da ka yi boko, waɗannan tiriliyan-tiriliyan da ake ta kira, a wane ɗaki ake tara su? In kuma akwai su, me ya hana a fito da su tun kafin ciwo ya zo?" Na ce, "Baba, ai yawancinsu babu su sai ranar da aka kira su." Ya dube ni kamar na raina masa hankali, ya ci gaba da awonsa. Amsar da na ba shi gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba, kuma cikonta ne nake son in yi a nan.

Mu fara da girman lambar kanta, don kunnenmu ya saba jin ta har ta daina ba mu tsoro. A samo gwanin ƙirga kuɗi, a zube masa takardun naira dubu-dubu, yana ƙirga ɗaya duk daƙiƙa, ba ci ba sha ba barci. Miliyan ɗaya ba za ta kai shi minti 17 ba. Biliyan ɗaya za ta cinye masa kwana goma sha ɗaya da rabi. Tiriliyan ɗaya kuwa sai ya shekara kusan 32 a zaune. Wannan fa naira ke nan. Yanzu a dubi Amurka: ranar 27 ga Maris na 2020 aka sa hannu a kan dokar tallafi ta dala tiriliyan 2.2, wato, a ƙididdigar lokacin, ninki biyar na duk abin da Najeriya ta samar a shekarar, daga gangar mai har dankalin Bokkos. A Disamba aka ƙara biliyan 900, a Maris na 2021 aka sake ƙara tiriliyan 1.9. Mafi yawan baligai a ƙasar an tura musu dala 1,200 a zagayen farko kawai. Birtaniya ta ɗauki nauyin biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da kulle ya zaunar a gida. Babban Bankin Turai ya ware yuro biliyan 750 a Maris na 2020, kafin shekara ta fita ya mayar da su tiriliyan 1.85.

Mu kuma shirin farfaɗo da tattalin arziki da kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya fitar a Yunin 2020 na naira tiriliyan 2.3 ne, wajen dala biliyan shida a canjin lokacin. In aka raba wa mutum miliyan 200, kowa zai tashi da naira 11,500. Ko wannan ɗin ma ba tsabar kuɗin rabo ba ne, kusan rabinsa rance ne da aka tsara zai bi ta hannun Babban Banki.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren farko da muke yi idan muka ji an kira irin waɗannan lambobi. Mukan ɗauka duk abu ɗaya ne, tulin kuɗi da aka ɗebo aka kashe. Alhali a cikin jimla guda akan cakuɗa abubuwan da ko kama ba su yi ba. Akwai wanda aka raba ya tafi ke nan, kamar dala 1,200 ɗin can. Akwai rance, wanda ake sa ran dawowarsa. Misali, bayan da bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumban 2008, majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, duniya ta ɗauki salati. Daga baya abin da aka fitar bai kai biliyan 450 ba, kuma mafi yawansa ya koma baitulmali. Sai kuma tsayawa, wadda ɗan kasuwa ya fi kowa sani. Yaro ya je ɗaukar kaya bashi a Kwari ko Onitsha an hana shi, sai ubangidansa ya buga waya ya ce a ba shi, in bai biya ba ina nan. Alhaji bai fitar da ko kwabo ba, amma kaya sun fito. Kaso mai tsoka na manyan lambobin da Jamus da Italiya suka sanar a 2020 irin wannan tsayawar ce. Wanda ya fi kowa cin ribar wannan dabara shi ne Mario Draghi, shugaban Babban Bankin Turai na lokacin. A Yulin 2012, yuro na tangal-tangal, ya fito ya ce bankinsa zai yi duk abin da ya kama don kare kuɗin. Kasuwa ta lafa, kuma shirin da aka kafa a kan wannan alkawari ba a taɓa sayen takarda ko ɗaya da shi ba.

Nau'i na huɗu shi ne wanda Baban Katako ya kasa yarda da shi, kuma ban ga laifinsa ba. Babban banki ba ya buƙatar ya mallaki kuɗi kafin ya biya. Idan yana son sayen takardun bashin gwamnati daga hannun wani banki, sai ya karɓi takardun, ya shiga asusun da bankin ke da shi a wurinsa, ya ƙara lamba. Shi ke nan, an haifi sabon kuɗi. Ben Bernanke, wanda ya shugabanci Babban Bankin Amurka lokacin rikicin 2008, da bakinsa ya faɗa a talabijin cewa kwamfuta kawai suke amfani da ita su ɗaga adadin da ke cikin asusun. Ta wannan hanya kadarorin bankin suka tashi daga wajen dala biliyan 900 kafin rikicin zuwa tiriliyan 4.5 a ƙarshen 2014. Da korona ta zo suka yi tsalle daga tiriliyan huɗu da 'yan kai zuwa dab da tiriliyan tara a 2022.

Mukan ce an buga kuɗi, amma injin bugawa ba shi da wani babban aiki a nan. Mu da muka sha layin banki a farkon 2023 lokacin canjin fasalin naira mun ga hujja da idonmu. Duk takardun naira da ke yawo a ƙasar kafin canjin tiriliyan uku ne da 'yan kai, alhali jimillar kuɗin da ke cikin tattalin arzikin ta kai wajen tiriliyan 50. Sauran duk lambobi ne a kwamfutocin bankuna. Shi ya sa mutum yake da kuɗi a waya amma ya rasa naira ɗari biyu ta hawa Keke daga Terminus zuwa Farin Gada.

To me zai sa gwamnati mai hankali ta yi irin wannan ɓarin kuɗi? Mutumin Jos ba ya buƙatar dogon bayani a kan gobara. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, kuma fiye da shekara ashirin ke nan garin bai gama farfaɗowa daga wannan dare ba. Wanda rumfarsa ta ƙone ba shi kaɗai ya yi asara ba. Ɗan dakon da ke sauke masa kaya, mai abincin da ke kawo masa tuwo, direban da ke ɗauko masa kaya daga Kano, mai gidan da yake haya, duk wutar ta lashe su ba tare da ta taɓa jikinsu ba. Rikicin tattalin arziki haka yake tafiya, don abin da na kashe shi ne abin da kai ka samu. Idan tsoro ya shigo, kowa ya damƙe aljihunsa, banki ya daina ba da rance, kamfani ya sallami ma'aikata, waɗanda aka sallama suka daina saye, wani kamfanin ma ya rufe. Kowa a karan kansa ya yi dabara, amma taron dabarun ya zama halaka. A irin wannan rana ana neman wani guda ɗaya da zai iya kashe kuɗi lokacin da kowa ke ɓoyewa, kuma ba wanda ke da wannan ƙarfi sai gwamnati da babban bankinta.

Turawa da wahala suka koyi wannan darasi. Bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, hukumomin Amurka suka tsaya kallo, wai a bar kasuwa ta gyara kanta. Bankuna wajen dubu tara suka rushe cikin 'yan shekaru, zuwa 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da abin yi. Bernanke a kan wannan zamani ya yi zurfin karatunsa, shi ya sa da abin ya zo a hannunsa ya gwammace a zarge shi da yawan ruwa da a zarge shi da barin gari ya ƙone. Ni ma a nan ina tare da su. Mai kukan cewa ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa masa atamfa, a tambaye shi ko ya fi son toka.

Mu ma mun taɓa yin irin wannan kashe gobara, kuma a ganina an yi ta yadda ya kamata. A 2008 gangar mai ta faɗo daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disamba, kasuwar hannun jari ta Legas ta zube, bankunan da suka ba da rancen sayen hannun jari da na shigo da mai suka wayi gari da rami a cikinsu. Ranar 14 ga Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420, daga baya aka ƙara 200 ga wasu, jimla biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan. Wanda ya tuna 1998, lokacin da aka rufe bankuna 26 a tashi ɗaya mutane suka yi ta sintiri a kan ajiyarsu, ya san bambancin, don a 2009 masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Amma ba kyauta aka yi ba. Basussukan da AMCON ke bi sun kai wajen naira tiriliyan biyar, manyan masu kuɗi da yawa sun ƙi biya, bankuna kuma suna zuba wani kaso na kadarorinsu duk shekara don cike ramin. Banki kuwa ba ya asara shi kaɗai, a jikin mai ajiya da mai karɓar rance yake fanshewa.

Yanzu ga tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. In dai lamba ce ake ƙarawa a kwamfuta, kuma Amurka ta ƙara ta tiriliyoyin daloli, me ya sa mu da muka ƙara abin da bai kai cikin cokalinsu ba muka fi su jin jiki?

Dalili na farko a fili yake: Amurka da kuɗinta take cin bashi, kuma kuɗin nata duniya ke nema. Ranar da tsoro ya kama duniya, mai kuɗi a ko'ina dala yake gudu ya saya, ko da kuwa daga Amurkar gobarar ta tashi. Shi ya sa a 2020 gwamnatinta ke karɓar rancen shekara goma a kan ruwan da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, Jamus kuwa har biyanta ake yi ta karɓi rance. Mu da muka je kasuwa ɗaya da su a Maris na 2022, kashi 8.375 aka yanka mana, a Disamban 2024 har da mai kashi 10.375. Sabuwar naira idan ta fito, mai ita ya san ba ta da amfani a wajen iyaka, kuma alkamar burodinmu, maganin asibitinmu, kayan gyaran motarmu, har man fetur ɗinmu na tsawon shekaru, dukansu da dala ake shigo da su. Don haka ba ta daɗewa sai ta bi hanyar Zone 4 a Abuja ko Wapa a Kano tana neman dala. Naira ta ƙaru, dala ba ta ƙaru ba, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi zafi, don namu ne, ba wanda ya ɗora mana. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, a sashe na 38, ta yarda bankin ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi idan kuɗin shiga suka yi jinkiri, rancen da ake kira Ways and Means. Amma ta gindaya sharuɗɗa: kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekarar ta ƙare. Kamar ma'aikacin da ya karɓi mudu biyu a wurin mai shago kafin albashi ya shigo. A shekarun da gwamnatin ke samun tiriliyan huɗu zuwa biyar, iyakar ke nan ba ta wuce biliyan 250 ba. A 2015 bashin bai kai tiriliyan ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2022, ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari da gwamnan banki Godwin Emefiele, ya kai naira tiriliyan 22.7. Mai ƙirgan kuɗinmu na ɗazu sai ya shekara 720 kafin ya ga ƙarshensu.

An sami uzuri, ba a rasa ba. Farashin mai ya faɗi daga 2014, tattalin arziki ya karye a 2016, korona ta zo a 2020 har aka sauke ma'aunin kasafin kuɗi daga dala 57 kan ganga zuwa 28, ga yaƙi da Boko Haram da 'yan bindiga. Sai dai rancen bai tsaya ranar da gobara ta mutu ba. Ya ci gaba a 2021, ya ci gaba a 2022, shekarar da gangar mai ta haura dala ɗari amma tallafin fetur ya lashe sama da naira tiriliyan huɗu. Da shi ake biyan albashi, da shi ake biyan ruwan tsofaffin basussuka. Motar kashe gobara ta koma tankar da gida ke sha kullum. A Afrilun 2021 gwamnan Edo na lokacin, Godwin Obaseki, ya fito ya ce sai da aka buga naira biliyan 60 aka cike kason da aka raba wa jihohi a Maris. Ministar kuɗi Zainab Ahmed ta musanta, aka yi ta cacar baki a kan kalmar bugawa, alhali lambobin rancen suna nan a rahotannin Babban Bankin kansa ga duk mai son dubawa.

Bayan wannan akwai kuɗin da bankin ya riƙa rabawa da hannunsa da sunan bunƙasa noma da masana'antu. Shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 shi kaɗai ya ci sama da tiriliyan ɗaya, har aka gina dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Gwamnan bankin na yanzu, Olayemi Cardoso, ya ce irin waɗannan shirye-shirye gaba ɗaya sun haura naira tiriliyan goma. Ba zan ce ba su amfani kowa ba, na san manoman da suka ga alheri. Amma na kuma zauna a majalisar da ake yi wa wanda ya biya rancen dariya, wai ya mayar da rabonsa na arzikin ƙasa. Rancen korona na ƙananan 'yan kasuwa, wanda aka fara da biliyan 50, shi ma da yawa haka suka ɗauke shi, sai da aka fara zare kuɗi daga asusunsu sannan suka tuna sun sa hannu a takarda.

Wa ya biya? Gwamnati ba ta aiko wa kowa takardar haraji ba, amma an karɓa. An karɓa a bakin mudu. Buhun shinkafar da bai wuce naira dubu goma ba a farkon 2015 ya haura dubu saba'in a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin a saki canji a Yunin 2023 ta wuce 1,500 cikin watanni. Mai gida a Rayfield ko fili a Maitama bai yi asara ba, kadararsa ta bi farashi ta hau. Wanda ya sami dala a farashin gwamnati ya juyar a kasuwa, shi kam kakarsa ce ta yanke saƙa. Wanda ya ci bashin banki mai yawa ya biya da naira mai arha. Asarar ta sauka a kan malamin firamare, da ɗan fansho, da matar da ke zubin adashe, wadda ta zuba kuɗin buhu a farkon zagaye ta kwashi kuɗin rabin buhu a ƙarshensa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024, amma a dala sabon bai kai tsohon ba a ranar da aka sa masa hannu a 2019.

Adalci ne in faɗa cewa ba rancen Babban Banki kaɗai ya jawo tsadar ba. Manomin Mangu ko Bokkos da rikici ya kora daga gonarsa bai san wani sashe na 38 ba, kuma masarar da bai noma ba ita ma tana cikin farashi. Ga rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga yaƙin Rasha da Yukiren da ya tayar da farashin alkama da taki, ga ambaliyar 2022, ga cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Amma duk waɗannan ƙarancin kaya suke kawowa, kuma babu lokacin da ya fi muni a ƙara yawan kuɗi kamar lokacin da kaya ke raguwa.

Su ma masu dalar ba su sha lafiya ba. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, abin da ba su gani ba cikin shekara arba'in, a Birtaniya ta kai 11.1 a Oktoba. Akwai masana da yawa da ke ganin zubin ƙarshe na tiriliyan 1.9 ya yi yawa, don an yi shi ne bayan wutar ta fara lafawa. Bambancin shi ne babban bankinsu ya iya juyawa ya rufe famfo ko gwamnati ta so ko ta ƙi. Daga Maris na 2022 zuwa Yulin 2023 ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi biyar. Sai dai wannan maganin nasu ma mu ya ɗaɗa wa ciwo, don daloli sun tattara sun koma gida inda riba ta ƙaru. Zambiya ta riga ta kasa biyan bashi tun Nuwamban 2020, Gana ta bi sahu a Disamban 2022. Ko kason da IMF ta raba wa duniya a Agustan 2021, na dala biliyan 650, bisa girman hannun jarin kowace ƙasa aka yi shi: duk Afirka ta tashi da wajen biliyan 33, Najeriya ta sami uku da 'yan kai. Mai shi aka ƙara wa.

Ƙasar da ba ta da kuɗin da duniya ke so, hanya ɗaya ta rage mata ta samun abin kashewa ranar masifa ba tare da ta ci naman talakanta ba, kuma tsohuwar hanya ce. A Jos, da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci duk sun san labarin Annabi Yusuf da shekaru bakwai na yalwa da aka tara don bakwai na fari. Mun taɓa gwadawa. Asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004 zamanin Obasanjo ya tara wajen dala biliyan 20 zuwa 2008, ga ajiyar waje ta kusan biliyan 60, ga bashin ƙungiyar Paris, ta ƙasashen da ke bin mu bashi, da aka sauke a 2005. Da wannan kitsen muka tsallake rikicin 2008 ba tare da an ji shi sosai a kasuwar Katako ba. Sai gwamnoni suka ce tsarin mulki bai san da wani asusu ba, a raba. Aka yi ta raba, har a shekarun da ganga ke sama da dala ɗari. Ranar da korona ta ƙwanƙwasa ƙofa abin da ke ciki bai kai dala miliyan 100 ba, zuwa tsakiyar 2022 bai kai miliyan ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa a Afrilun 2020 muka garzaya IMF muka karɓo rancen gaggawa na dala biliyan 3.4, sauran giɓin kuma aka juya ga kwamfutar Babban Banki.

Cardoso ya ce an daina wannan rance, an kuma ja kuɗin ruwa har kashi 27.5 a ƙarshen 2024 don a tsotse nairar da ta yi yawa. Wannan ma wani biyan ne, don ɗan kasuwar Dilimi da ke son rancen faɗaɗa shago yanzu sai ya yarda da ruwan da ya kusa kashi talatin, ko ya haƙura. Shi kuwa tsohon bashin bai tafi ko'ina ba. A Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, majalisar dattawa ta amince a mayar da tiriliyan 22.7 ɗin bashi na shekara 40 a kan ruwa kashi tara, a Disamban shekarar aka ƙara wasu tiriliyan 7.3. Rancen da doka ta ce a biya kafin shekara ta fita, jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka amince da shi sai ya cika arba'in, a 2063, kafin a rufe littafinsa. Kashi tara na tiriliyan 22.7 kuwa ya ɗan haura tiriliyan biyu duk shekara. Ruwan kaɗai ke nan, kuma kaɗan ya rage ya kamo duk shirin tallafin korona na 2020, wanda dattijuwar hanyar Bukuru ta sami rabin buhun masara a zamaninsa.